Ranar da Mai Gilashi Ya Zama Bahago

Duk wanda ya daɗe a layin masu shaguna, Walƙiya ta taɓa dalle masa ido. Tun tana 'yar shekara biyar take tsince guntayen madubi a ƙarƙashin teburin babanta, ta zauna a bakin shago, ta kamo rana ta aika wa mutane. Mai askin da ke tsallaken titi ya fi kowa shan wahala, don sau biyu yana tsaka da gyara wa mutum ƙeya hasken ya same shi, ya buɗe wa bawan Allah hanya a tsakiyar kai. Shi ne ya laƙaba mata sunan cikin fushi, sunan kuma ya bi ta, har malaman makaranta da shi suke kiranta.

Yanzu shekararta ashirin da ɗaya, kuma babu abin da take so a duniya kamar ta tafi makarantar koyon ɗaukar fim. Abu biyu ne tsakaninta da makarantar: fim na minti biyu, da sa hannun babanta a ƙasan wata takarda. Fim ɗin bai ba ta tsoro ba. Sa hannun ne ya hana ta jin daɗin abinci.

Babanta, kowa Mai Gilashi yake ce masa. Shekara talatin ke nan yana yankan gilashi da madubi a shago ɗaya, dogo kuma matsattse, wanda in mutum biyu suka haɗu a tsakiyarsa sai ɗaya ya karkace. Daga gaba madubai ne jingine da bango, manya da ƙanana, har baƙo ya shigo ya ga kansa ta ko'ina ya rasa wanda zai gaisar. Can ƙurya kuma teburin yanka ne, shimfiɗe da tsohon bargo, ga doguwar rula ta katako, ga gwangwanin kananzir da yake tsoma mayankinsa a ciki, wani ɗan ƙarfe mai kama da alƙalami da ya gada wurin mahaifinsa. Rana ba ta taɓa leƙa wannan ƙuryar ba. Doguwar fitila ce a sama, tana 'yar ƙara, tana mai da fuskar kowa kamar wanda ya taso daga jinya.

Mutum ne mai ji da hannunsa na dama. Layi ɗaya yake ja, a ji ƙiiii, ya ɗora babban yatsa ya danna, ƙas, gilashi ya rabu kamar da ma a rabe yake. Ba ya son hoto ko kaɗan. Wanda ke jikin katin shaidarsa ma cewa yake ba shi ba ne, wani ne da suka bi layi tare. In kuwa kana son ka ga ɓacin ransa, ka ce masa yana kama da marigayi mahaifinsa, wanda ya koya masa sana'ar. Ƙanwarsa, wadda duk layin ke kira Gwaggo, ta faɗa har bakinta ya gaji. Shi sai dai ya nuna bango ya ce mutumin da ke wuni tsakanin madubi arba'in ba a gaya masa da wa yake kama. Tsohon bai bar hoto ko ɗaya ba, don haka gardamar ta rasa alƙali.

A cikin waɗannan madubai Walƙiya ta yi wayo. Nan take aikin da aka ba su daga makaranta, tana kallon duk abin da ke faruwa a titi ba tare da ta juya ba, rubutun da ya juye a madubi kuwa karanta shi take kamar jarida. Yayyenta maza biyu sun gudu daga sana'ar tun da wuri, ɗaya ya ce yana tsoron yatsunsa, ɗaya ko dalili bai bayar ba. Ita ce ta zauna. Da ta gama sakandare ta kama awo da yanka gadan-gadan, har Mai Gilashi ya fara sakar mata manyan ayyuka, yana tsaye a gefe yana tsaki don kada ta gane ya ji daɗi. Gefen hagu na teburin ya zama nata, ba tare da kowa ya ce komai ba.

Kyamara ta shigo rayuwarta ne ta hannun ɗan Gwaggo, mai gyaran waya, wanda suke kira Farfesa. An kawo masa wata tsohuwa da ta faɗa ruwa, mai ita ya ce a jefar, shi kuwa ya yi wata biyu yana tona cikinta har ta farfaɗo. Farfesa ya san sunan kowace kyamara da aka ƙera, da lambarta, da nauyinta, amma in ya ɗauke ka hoto sai ka nemi rabin kanka ka rasa. Ranar da Walƙiya ta fara leƙa ido a cikin abin, ta juya Gwaggo kaɗan zuwa bakin ƙofa, ta tura ta taku biyu baya, ta danna. Gwaggo ta ga hoton ta ce ita tun da aka haife ta ba ta san tana da kyau haka ba, kuma daga ranar ta zama kan gaba wajen goyon bayan sana'ar.

Ta ukunsu ita ce A-Sake, ƙawar Walƙiya tun firamare, tela ce mai shago uku daga nasu. Sunanta ya faɗi halinta. Ba a taɓa ɗaukar abu ta ce ya yi ba, ko da kyanwa ce ta tsallake titi sai ta nemi a dawo da ita.

Kullum da rana tsaka, in ciniki ya lafa, su ukun sukan zauna a bayan shago kan akwatunan katako da ake kawo gilashi a ciki, su buɗe gardamar makaranta kamar jiya ba su yi ba. Makarantu biyu ne a gabansu. Akwai ta kusa, a saman wani kantin magani, mota ɗaya ake hawa, wata tara a gama, wani dattijo da ya tsufa yana ɗaukar labarai ne ke koyarwa, kuma kowa a gidansu yake kwana. Akwai ta nesa, tafiyar wuni guda a jirgin ƙasa, shekara uku cur. A-Sake ranar Litinin ta kusa take so, Talata ta nesa, Laraba ta ce a sake lale. Farfesa kuwa ya kafe kan cewa makaranta ɓata lokaci ce, komai yana cikin waya ga mai kai, ko da yake in aka ambaci manyan kyamarorin makarantar nesa sai ka ga yana haɗiyar yawu.

Walƙiya ba kyamarorin ne suka ja ta ba. Ta karanta ne cewa a can akwai wata malama da ke kulle duk kyamarori a kabad shekarar farko, ta ba kowane ɗalibi taga ɗaya da farar takarda, ta ce sai ya san haske kafin ya taɓa maɓalli. Da ta karanta wannan sai ta ji kamar an kira sunanta a cikin taro.

"Taga da farar takarda," in ji Farfesa. "Ki bar gida, ki yi tafiyar wuni guda, don a nuna miki taga. Ba ga taga nan a gidanku ba?"

"Kai ma ai ga kai nan a wuyan kowa, ka taɓa ɗauko shi cikakke?"

A-Sake ta yi dariya har ta zamo daga kan akwati.

Sharaɗin makarantar nesa a fili yake. Fim na minti biyu, mutum ɗaya yana aikinsa, babu fitila, hasken rana zalla. A tura ta intanet kafin ƙarfe huɗu na yammacin ranar ƙarshen wata, tare da takardar amincewa wadda mutumin da aka ɗauka ya sa wa hannu. Walƙiya ba ta ko yi tunanin wani ba. Ta sami babanta yana goge rula, ta kwashe komai ta gaya masa, har da shekara ukun, don ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce ɗauka dai ta ɗauka, tun da shi aikinsa zai yi ko da ita ko babu ita. Sa hannu kuwa, "Mu gani tukuna."

Ta kai wa mahaifiyarta, Inna, wannan amsa don a fassara mata. Inna ta ce ita shekara talatin tana jin "mu gani tukuna", kuma har yau ba ta san inda ta dosa ba, wani lokaci a ga alheri, wani lokaci a ga ƙura. Amma duk gidan sun san ba fim ne zai sa wa hannu ba. In ya sa, gefen hagu na teburin nan zai zauna babu kowa shekara uku.

Matsalar farko ita ce rana. A layin, rana kan ɓullo ta tsakanin wasu dogayen benaye biyu da ƙarfe tara da minti goma, ta sauka a dokin ƙofar shago, ta yi minti ashirin ta wuce abinta. Daga ƙofa zuwa tebur kuwa taku goma sha takwas ne na duhu. Wani sai ya ce a fito da teburin waje, amma tebur ne da aka haɗa a ciki, ko ƙofar ba zai bi ba. Walƙiya ta yi kwana biyu tana zagaye da alli a hannu, sannan ta zana da'ira huɗu a ƙasa. Farfesa zai tsaya a ƙofa da madubi ya kamo ranar ya miƙa wa Gwaggo, Gwaggo ta miƙa wa Inna, Inna ta miƙa wa A-Sake, ita kuma ta sauke ta kan tebur ta cikin farin yadin da ta kawo daga shagonta don hasken ya yi laushi. Abin da aka yi ta dukanta a kai tana ƙarama, shi ne yau manya huɗu za su tsaya su yi mata.

Matsala ta biyu, Mai Gilashi bango yake fuskanta in yana aiki, tsakanin tebur da bangon kuwa ko tafin hannu bai kai ba. Babu inda za a ajiye kyamara a ga fuskarsa. Wannan bai ɗauke ta ko minti ɗaya ba. Ta jingina babban madubi a bangon da ke gabansa, ta ɗora kyamara kan akwatuna uku a bayan kafaɗarsa, ta saita ta cikin madubin. Sai ga fuska, ga hannu, ga gilashi, duk a wuri ɗaya. Farfesa ya leƙa, ya dafe kai, ya ce in malamar taga ta ga wannan ita ce za ta nemi gurbi a wurinsu.

Safiyar farko, Farfesa ya kamo rana da ƙarfinsa ya aika ta kai tsaye shagon mai aski. Dattijon ya fito da injin aski a hannu yana kare ido, ya hango Walƙiya, ya ce, "Ashe har yanzu ba ki daina ba?" Safiya ta biyu komai ya tafi daidai har hasken ya iso hannun Inna, sai kawai ya ɓace. Aka waiwaya, Gwaggo ta juya madubinta tana gyara ɗaurin ɗankwali. Ta ce ai ba za a ba mace madubi mai tsawon mutum a ce kada ta duba ba, wannan ba adalci ba ne. Safiya ta uku wata motar kaya ta tsaya a ƙofar daidai tara da minti takwas, direban ya kulle ya tafi, su biyar suna tsaye suna kallon rana tana dukan tamfol.

Safiya ta huɗu an samu. Ba laifi, in za a faɗi gaskiya. Amma A-Sake ta duba ta taɓe baki ta faɗi abin da ta saba faɗa, Walƙiya ma ta ga hasken ya yi tsauri a goshin babanta, ta goge fim ɗin daga kyamarar da hannunta, tana cika baki wai gobe ma rana ce. Washegari hadari ya rufe sama, ya yi zamansa kwana biyar. A waɗannan kwanaki babu wanda ya yi wa A-Sake magana da daɗi, Mai Gilashi kuwa aka ji shi yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa a bakin aiki.

Ranar ƙarshen wata gari ya waye tas. Tun ƙarfe takwas kowa yana cikin da'irarsa. An ɗaure wa Gwaggo ɗankwali tun daga gida, an sa ta rantse. Mai aski da kansa ya ajiye kujera a bakin titi ya zauna don kada wata mota ta tsaya, wai ya fi son a gama wannan fitina yau kowa ya huta. Tara da minti goma rana ta taɓa ƙofa. Farfesa ya kama, Gwaggo ta karɓa, Inna ta miƙa, farin yadi ya cika da haske kamar an zuba masa madara, sannan a hankali ya sauko kan tsohon bargon nan da bai taɓa ganin rana ba.

Walƙiya ta kunna kyamara. Bakin gilashin ya koma kore shar, ƙurar da ke yawo a kan tebur ta riƙa ƙyalli, hannuwan babanta suka fito da duk tabonsu da jijiyoyinsu. Shi kuwa da ya ɗora rula ya tsoma mayanki a kananzir, sai ya manta da ita da kyamararta da duk masu riƙe madubi. Ya sunkuya, ya karkata kai, bakinsa ya ja gefe guda kamar yadda yake yi in aiki ya shige shi. Ƙiiii. Ƙas. Ya ɗaga gilashin sama ya duba bakinsa a cikin hasken, ya hura, ya ajiye.

Ta danna maɓalli ta juyo. Duk ido ya koma kan A-Sake. Ta buɗe baki, ta rufe, ta ce, "Ya yi."

Ba a tsalle a shagon gilashi, wannan doka ce tun suna yara. Don haka suka jingine madubai a hankali, suka fita ɗaya bayan ɗaya da sanɗa kamar masu fitowa daga ɗakin mara lafiya, suna taka titi suka ɓarke. Farfesa ya rungume mai aski, A-Sake da Walƙiya suka riƙe hannun juna suna juyi har jiri ya kwashe su, Gwaggo tana gaya wa duk mai wucewa cewa hasken ta hannunta ya bi. Inna ma da ba a san ta da rawar kai ba, sai da aka gan ta tana dariya tana goge ido da bakin mayafi.

Sauran wunin Walƙiya ba ta san ƙafarta tana taka ƙasa ba. Suka zauna a bayan shago da kwamfutar Farfesa suna datsewa suna haɗawa, suka kalli fim ɗin ya fi sau ashirin. Farfesa yana duba launi, A-Sake tana duba inuwa, Walƙiya tana duba koren bakin gilashi tana jin kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Har sun fara rabon aiki na shekara goma masu zuwa, wa zai riƙe kyamara, wa zai ba da umarni, wa zai hau mumbari ya karɓi kyauta. Ƙarfe uku saura kwata suka ɗora kwamfutar kan teburin yanka, suka ajiye takarda da biro a gefe, suka kira Mai Gilashi.

Ya sa tabarau, ya harɗe hannu, ya kalla daga farko har ƙarshe bai motsa ba. Sannan ya nuna allon da haɓa.

"Wane ne wannan bahagon?"

Duk suka sunkuyo kan allon. Walƙiya ta matso ta duba, sai ta ga abin da ya gani. Mutumin da ke cikin fim da hannun hagu yake jan layi. Lambobin rula a juye suke, kalandar bango ma haka. Ta cikin madubi ta ɗauka, madubi kuwa ya yi abin da ya saba. Sau ashirin suna kallo babu wanda ya gani. Sauran biyun haske ya ɗauke musu hankali, ita kuwa da ta girma tana karanta duniya a juye, idonta bai ga wani abin mamaki ba.

Mai Gilashi ya ce shi bai taɓa yanka gilashi da hagu ba, ubansa ma bai taɓa ba, kuma ba zai sa hannu a kai shi wata uwa duniya malamai su zauna suna cewa ga yadda yake aiki ba. Ya ce hasken dai ya yi kyau, ba a hana yarinya yabonta, amma aikin da aka yi kuskure a awo ba ya fita daga shagonsa. Ya ninke takardar biyu ya danne ta da gwangwanin kananzir.

Abin da ya fi yi wa Walƙiya ciwo shi ne ta ga sauƙin da ya sauka a fuskarsa. Ya sami ƙofar fita, kuma da hannunta ta buɗe masa. Rana ta riga ta wuce, babu wata safiya. Ta ji haushin kanta, ta ji haushinsa, ta kuma ji tausayinsa, duk a lokaci ɗaya, har ta rasa wanne za ta fara yi wa kuka. Inna ta yi masa wani irin kallo, ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu.

Farfesa ne ya yi gyaran murya ya ce ai maɓalli ɗaya ne, kwamfuta za ta juya hoton hannu ya koma dama. Mai Gilashi ya ce wannan kuma ƙarya ce ta na'ura, shi ba ya sa hannu a kan ƙarya.

"Baba," in ji Walƙiya, "na farkon ne ƙarya. Madubi ne ya juya ka. Kai ka koya mini, kuma kai kake gaya wa duk wanda ya zo saye."

Wannan ba ta musuwa, don babu mai sayen madubin da ya tsira daga wannan darasi. Ya duba agogo, ya duba Inna, ya ce, "To, mu gani tukuna."

Cikin gaggawa Farfesa ya danna, sai ga Mai Gilashi rataye a rufi, kai a ƙasa, yana yanka kamar jemage. Gwaggo ta tuntsire da dariya har sai da ta dafa bango, A-Sake ta dangwari ƙeyar Farfesa, Walƙiya ta rufe ido tana addu'a. Ya sake dannawa. Lambobin rula suka miƙe, mayanki ya koma hannun dama, fim ya fara daga farko.

Mai Gilashi ya gyaɗa kai da ya ga hannun, kamar wanda aka mayar wa kayansa. Daga nan mutumin cikin allo ya sunkuya, ya karkata kai, bakinsa ya ja gefe. Dariyar Gwaggo ta tsaya cak, ta kai hannu bakinta.

"Tsaya," in ji Mai Gilashi. "Mayar baya."

Aka mayar. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon. Da ya yi magana, muryar ba irin tasa ba ce.

"Wannan ai Baba ne."

"Shekara talatin ina gaya maka, Yaya," in ji Gwaggo, hawaye yana bin kumatunta.

Duk madubansa arba'in, fuska ɗaya suke nuna masa: a juye, a miƙe, baki a gyare, ido cikin ido, irin fuskar da mutum ke shiryawa in zai kalli kansa. Bai taɓa ganin kansa yana aiki ba, kai a karkace, baki ya ja wancan gefen, daidai gefen da na tsohon yake ja lokacin da shi yana yaro yana tsaye a hagun tebur yana kallo. Ya juya wurin Inna ya tambaye ta ko da gaske haka yake. Ta ce ita dai abin da take kallo ke nan kullum, ba ta san yana da wata fuskar ba.

Ya ce a sake sawa. Aka sake. Ya ce a ƙara. Ƙarfe huɗu saura minti ashirin, saura sha biyar, Walƙiya tana tsaye kamar a kan ƙaya, amma ko za a kashe ta ba za ta iya katse shi ba. A karo na huɗu, da mutumin cikin allo ya ɗaga gilashi ya hura, sai ya miƙa hannu ya ɗage gwangwanin. Kananzir ya bar zobe a tsakiyar takardar. Ya warware ta, ya ɗauki biro, ya ɗaga hannun dama sama ya nuna wa kowa don kada a samu wani ruɗani, sannan ya sa hannu a hankali kamar mai jan layi a gilashi.

"Ungo, 'yar nan," ya ce, bai dube ta ba. "Madubi arba'in gare ni, babu wanda ya nuna mini wannan. Je ki koyo sauran."

Ta miƙa hannu za ta karɓa. Farfesa ne ya fizge takardar ya ɗauki hotonta, wannan karon ko kusurwa ɗaya bai yanke ba, ya sunkuci kwamfuta ya yi waje da gudu don a ƙuryar intanet ba ya kamawa. Suka bi shi duu, suka tsaya a tsakiyar titi suna kallon ɗan layin da ke cika a allo, mai aski yana tsayar musu da motoci da tawul. Huɗu saura minti huɗu saƙon ya tafi. Ihun da suka yi ya sa har mutanen saman bene suka leƙo.

Makarantar nesa ta ɗauki Walƙiya. A-Sake ta shiga makarantar kusa, don ranar cike takarda ta faɗo a Litinin. Farfesa har yau yana nan kan bakansa cewa makaranta ɓata lokaci ce, sai dai duk ranar da Walƙiya ta bugo waya yakan karɓe ya tambaye ta abin da malamar taga ta ce, yana rubutawa a bayan hannunsa.

Sati biyu da tafiyarta, Mai Gilashi ya kawo ƙusoshi da 'yan ƙarafa ya kafa madubi huɗu a bango, daidai saitin da'irorin allin da ya hana a share. Ya ce don a huta da ƙarar fitila ne, babu kuwa wanda ya yarda. Da yake rana ba ta zama wuri ɗaya, duk bayan 'yan kwanaki sai ya hau kujera ya gyara su, wani lokaci ya kuskure ya dalle mai aski, dattijon ya fito yana cewa ashe abin na gida ne. Kullum tara da minti goma haske yakan bi ta hannu huɗu na ƙarfe ya sauka kan bargon, ya rufe hannuwansa, ya ɗan zarce zuwa gefen hagu na teburin. Mutumin da ba ya yafe kuskuren awo ko na ƙwayar gashi, wannan zarcewar bai taɓa gyara ta ba.